Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar NUPRC Kan Rijiyoyin Kolmani



Tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022, zancen gangar mai ake ta yi. Mu tambayarmu ta kifi ce.

Taɓon haƙa da ruwan gishirin da ke fitowa tare da ɗanyen mai, idan damina ta kwashe su zuwa rafi, sukan toshe wa kifi numfashi, su kashe ƙwai. Tarwaɗa, mai kiwo a ƙasan ruwa, ita ke tara dafin a jikinta, mu kuma mu saye ta a kasuwa.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni da mai ya gurɓata zai iya cin shekara 30. Don Allah ku riƙa auna ruwan yankin Kolmani, ku sanar da masunta sakamakon da Hausa a rediyo.

Naku,
Wani mai kishin masunta