Bututun gas na Tarayya ne, ƙasa ta Gwamna, to manomi fa?

A ranar 30 ga Yunin 2020 ne tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka fi sani da AKK. Tsawonsa kilomita 614, zai taso daga Jihar Kogi ya bi ta Abuja da Neja da Kaduna, ya tsaya a Kano. Tun daga lokacin duk maganar da ake yi a kansa ba ta wuce biyu ba: nawa ya ci, kuma yaushe za a gama.

Akwai tambaya ta uku da ba a cika yi ba, alhali ita ce ta fi shafar mutanen da bututun ya ratsa ƙauyukansu. Wa ke da ikon cewa ga inda aiki irin wannan zai bi? Idan tsarin da aka zana a Abuja ya ci karo da tsarin da jiha ta yi wa garinta, na wa za a bi?

Dokokin Najeriya sun raba wannan iko gida uku, kuma rabon bai zo daidai ba.

Man fetur da iskar gas suna cikin jerin abubuwan da kundin tsarin mulki ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya ita kaɗai. Don haka lasisin shimfiɗa bututu daga Abuja yake fitowa. Haka manyan layukan wuta na kamfanin TCN da manyan madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, duk Tarayya ce ta ƙudura su.

Amma Tarayya ba ta da ƙasar da za ta ɗora su a kai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk filin da ke cikin jiha a hannun gwamna, a matsayin amanar jama'a. Ƙaramar hukuma kuma aka ba ta ikon ba da shaidar riƙe fili ta gargajiya a yankunan da ba birni ba.

Sai batun tsara gari. A 1992 gwamnatin soja ta kafa dokar tsara birane da yankuna ta ƙasa baki ɗaya, wadda ta zayyana aikin kowane mataki daga Tarayya har ƙaramar hukuma. Jihar Legas ta ƙalubalanci dokar, kuma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, ikon Tarayya a wannan fanni ya tsaya a Abuja. Shi ya sa hukumomi irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna ke da ta cewa kan inda za a yi gini da inda ba za a yi ba.

Wanda ya karanta wannan zai ɗauka jiha na da ƙarfin ja da Tarayya. A takarda haka ne, sai dai akwai sashe na 28 na dokar 1978. Sashen ya ba gwamna ikon soke mallakar kowane fili saboda maslahar jama'a, ya kuma ambaci shimfiɗa bututun mai da sunansa a cikin dalilan. Sannan ya ƙara da cewa idan sanarwa ta fito daga Shugaban Ƙasa cewa Gwamnatin Tarayya na buƙatar fili don aikin jama'a, wajibi ne gwamna ya soke. Wato dai ƙasar tana hannun gwamna har zuwa ranar da Abuja ta ce tana so.

Ƙaramar hukuma kuwa, wadda ita ce ta san inda maƙabarta take da inda burtali ya bi da fadamar da gari ke ci daga cikinta da rani, ba ta da wata ƙofa da doka ta buɗe mata ta ce a karkata layin nan da mita ɗari biyu. Galibi shugabanta kan ji labari ne a lokacin da dagaci ya ji, wato ranar da 'yan safiyo suka iso da turaku da jan fenti.

A ganina a nan matsalar take. Ba na cikin masu cewa a ba kowace ƙaramar hukuma ikon hana aikin ƙasa. Da haka za a yi, da babu layin wutar da zai taɓa isa Maiduguri. Wanda ya ga yadda yawancin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda cikin duhu a watan Oktoban 2024, bayan layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace kuma wanda ake lallaɓawa da shi ta Makurɗi da Jos ya faɗi, ba ya buƙatar a yi masa bayanin cewa muna neman ƙarin layuka, kuma da gaggawa. Masu injin niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara sun fi kowa sanin abin da kwanakin nan suka ci musu. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, tsakanin ikon hanawa da rashin ta cewa kwata-kwata akwai fili mai faɗi, kuma dokokinmu sun bar shi babu kowa.

Za a ce ai akwai dokar tantance illar ayyuka ga muhalli, ita ma ta 1992, wadda ta wajabta a yi nazari kafin a fara babban aiki, a kuma baje rahoton na kwana 21 na aiki don jama'a su yi tsokaci. Gaskiya ne akwai ta. Amma mu tambayi kanmu yadda abin ke kasancewa. Kundi ne mai ɗaruruwan shafuka, da Turancin injiniyoyi, a ajiye shi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, a buga sanarwa a jaridar Turanci. Manomin da gonarsa ke kan layin, ta ina zai san an ajiye? In ya sani, wa zai karanta masa? Kuma wanda ke biyan kuɗin nazarin shi ne mai aikin. Amincewar ƙarshe daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya take fitowa.

Batun diyya ya fi wannan ciwo. Tunda doka ta ce ƙasa ba ta mutum ba ce, abin da sashe na 29 ya tanada shi ne a biya kuɗin abin da aka yi a kan filin: gini, amfanin gona, itatuwa, rijiya. Ita kanta ƙasar ba a yi mata kuɗi, sai ɗan harajin filin da mutum ya biya a shekarar, in ya biya. Ka ɗauki mutumin da ya gaji gona daga kakansa, da ita yake ci da iyali, da ita yake aurar da 'ya'ya. A zo da rani bayan an girbe, a ƙirga masa bishiyar mangwaro uku da ɗorawa ɗaya, a ce ga haƙƙinka. Gonar da za ta ciyar da jikokinsa an saye ta da kuɗin damina ɗaya, ko ƙasa da haka. Dokar ta ma yarda idan filin na al'umma ne gwamna ya ba da umarnin a miƙa kuɗin ga sarki ko shugaban al'ummar ya sarrafa a madadinsu. Inda aka yi dace da mai tsoron Allah, to. Inda ba a yi ba, rigimar takan daɗe fiye da aikin.

Ba yau muka fara ganin wannan ba. Lokacin da aka gina madatsar Kainji a shekarun 1960, mutum kusan 44,000 aka tayar, tsohuwar Bussa ta nutse a ruwa, aka gina musu sabuwa. A Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda madatsar noman rani ce, takaddamar diyya da rabon filaye ce ta kai manoma ga tare hanyoyi, har 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a watan Afrilun 1980. Har yau ana jayayya kan adadin waɗanda suka mutu. Al'ummomin da ke zaune kusa da madatsun wutar lantarki kuwa sai a 2010 aka yi dokar kafa hukumar HYPPADEC don kula da su, shekara arba'in da wani abu bayan Kainji, kuma ta sake ɗaukar kusan shekara goma kafin ta fara aiki sosai a Minna.

Adalci shi ne a faɗi laifin ɗaya ɓangaren ma. Ƙa'ida ta ce babban layin wuta mai ƙarfin kilobolt 330 a bar masa fili mai faɗin mita 50, mai 132 kuma mita 30. Zagaya bayan garin Kano ko Kaduna ko Zariya ka ga abin da ke ƙarƙashin waɗannan wayoyi: gidaje, shaguna, garejin makanikai, har da makarantun Islamiyya. Wasu an biya iyayensu diyya tun tuni, 'ya'ya suka dawo suka yanka filin suka sayar. Wasu kuma suna riƙe da takarda mai hatimi daga ofishin gwamnati. Wa ya sa hannu? Hukumar da Kotun Ƙoli ta ce ita ke da hurumin tsara gari. Jihar da ke son a mutunta ikonta a kan ƙasa, ya kamata ta fara da sanya hanyoyin wuta da na gas a cikin taswirar garuruwanta, ta hana a yanka su. Idan ba ta yi ba, ranar da TCN ya zo ƙara layi sai an yi rusau, a sake biyan diyya karo na biyu da kuɗin jama'a, aikin shekara biyu ya koma na bakwai.

Ingila ta taɓa fama da irin wannan jan ƙafa, ta yi doka a 2008 kan manyan ayyukan ƙasa. Gwamnatin tsakiya ce ke rubuta manufa kan makamashi, minista ne ke yanke hukuncin ƙarshe, ƙaramar hukuma ba ta iya hanawa. Amma an ba ta damar rubuta rahoto kan yadda aikin zai shafi yankinta, kuma doka ta tilasta wa minista ya yi la'akari da shi. Dokar ta 2008 ta kuma wajabta wa mai aikin ya tuntuɓi jama'a tun kafin ya miƙa takardar neman izini. Su ma suna ƙorafin tsarin yana cin lokaci, ba aljanna ba ce. Abin ɗauka a ciki ɗaya ne: maganar ƙaramar hukuma tana shiga fayil a rubuce, ana kuma ba ta amsa a rubuce.

Wannan bai fi ƙarfinmu ba. Kafin a tsayar da hanyar kowane bututu ko layi, a ba kowace ƙaramar hukumar da abin ya shafa wa'adi ta kawo rahotonta, da sa hannun hakimai da wakilan manoma da makiyaya. A taƙaita rahoton muhalli cikin Hausa da Nufanci da Gbagyi da duk harshen da ake ji a wurin, a karanta shi a rediyo, a karanta a ƙofar fada ranar kasuwa. Jerin sunayen waɗanda za a biya da abin da kowa zai samu a liƙa shi a bainar jama'a kafin a biya. Gyara dokar 1978 kanta abu ne mai wuya, domin an cusa ta cikin kundin tsarin mulki, sai da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi. Amma babu abin da ya hana gwamna ba manomi wata gonar a madadin wadda aka karɓa, ko ya ɗaga farashin da ake ƙiyasta amfanin gona da shi.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa yanzu shi ne abin da ya faru a 2023. A watan Maris na shekarar aka gyara kundin tsarin mulki, aka ba jihohi ikon samar da wuta da dakonta da rarraba ta ko da a wuraren da babban layin ƙasa ya kai. A watan Yuni Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar Dokar Lantarki. Jihohi sun fara karɓar ikon sa ido kan kasuwar wutarsu daga hukumar NERC, Inugu na cikin na farko. A Arewa abin da aka fi hange shi ne manyan gonakin sola, kuma sola ƙasa take ci, ɗaruruwan hekta a wuri ɗaya, galibi a gefen gari inda ake noma.

A aikin Tarayya, ko ba komai gwamna na iya tsayawa tsakanin Abuja da mutanensa ya nema musu sauƙi. A aikin jiha kuwa, gwamna ne mai aikin, shi ne mai soke mallakar filin, hukumarsa ce mai ba da izinin gini, ma'aikatansa ne masu ƙiyasta diyya, kuma a yawancin jihohi shi ya ɗora shugaban ƙaramar hukumar da ake sa ran zai yi magana. Majalisun dokokin jihohin da ke rubuta dokokin lantarkinsu a yanzu suna ta muhawara kan lasisi da farashin wuta da wanda zai shugabanci hukuma. Ya kamata wani ɗan majalisa ya miƙe ya tambayi sashen da ya ce ga inda mai gona zai kai kuka idan turakun suka sauka a gonarsa, da kuma wanda zai saurare shi da ba gwamna ne ya naɗa shi ba.