Wasiƙa zuwa ga likitocin dabbobi da mataimakansu a Kafanchan da kewaye

Ina gaishe ku da ɗawainiya, daga masu zagaya rugage a Ladduga da Kachia har masu tsayuwa kan mahauta a mayankar Kafanchan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata al'ada da ta kama mu. Da zarar makiyayi ya ce saniyarsa ta rame, ba ta cin abinci, sai hannu ya tafi kan allurar Berenil ko LA, a ce sammore ne. Sau da yawa an yi daidai, domin ƙasarmu ta ƙudan tsando ce. Amma mutum nawa ne a cikinmu ke ɗora na'urar sauraro a bayan gwiwar ƙafar gaba ta hagu kafin ya zuƙi allura? Babbar saniya mai lafiya zuciyarta kan buga kamar sau 60 zuwa 80 a minti, tunkiya da akuya sun ɗan fi haka, doki kuwa ba ya cika wuce 40. Ƙirgawar minti ɗaya ce, kuma ba a sayenta a kemis.

Cikin cututtukan da ke taɓa zuciya, ku fara da kabowa, domin ita ce tamu ta gida. Kaskar nan mai zanen launi a baya, Amblyomma variegatum, wadda manyanta ke cika dabbobi da damina kuma take share wa kirci hanya, ita ke ɗauke da ƙwayar cutar. Cowdry ne ya gano ƙwayar a Afirka ta Kudu a 1925, kuma tun 2001 sunanta ya koma Ehrlichia ruminantium. A nan gida ma ba a zauna ba: Ilemobade ya yi digirinsa na uku a kanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1976. Ƙwayar tana zama ne a cikin bangon ƙananan jijiyoyin jini, sai su riƙa yoyo, ruwa ya taru a jakar zuciya da ƙirji da huhu, ƙwaƙwalwa ma ta kumbura. Shi ya sa za ku ga zazzaɓi ya haura digiri 41, dabba tana ɗaga ƙafa sama-sama, tana tauna ba komai a baki, tana kewaya wuri ɗaya, daga baya ta faɗi tana shure-shure. In ta kai ga faɗuwa, LA ba ta cika ceto ba. A lokacin zazzaɓin take aiki.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne ma'aikacin da ya yi ritaya ya zuba kuɗinsa a shanun madara masu jinin Friesian, ko ya kawo raguna daga inda kaskar ba ta da yawa. Saniyar Bunaji da aka haifa a nan ta gamu da ƙwayar tun tana 'yar maraƙa, jikinta ya saba. Saboda haka ni ban yarda da shawarar a shafe kaska ƙaf daga garken gida ba. A rage ta dai, a tsananta tsaro kan baƙin dabbobi.

Sai ƙusa da waya. Saniya ba ta tantance abin da take haɗiya, ga shi shanun cikin gari a bola suke kiwo. Ƙarfen kan sauka a tumbi na biyu, wanda tsakaninsa da zuciya tazara ce kaɗan, ya huda ya isa jakarta. Jijiyar wuya ta cika ta miƙe, ƙirji da ƙarƙashin haɓa su kumbura, in ka saurara ka ji bugun daga nesa, ko ka ji kamar ana girgiza ruwa a gora. A nan gaskiya ita ce magani. Ku ce wa mai ita, “Baffa, wannan ba ta allura ba ce,” ya kai ta mayanka a duba naman. Ga masu shanu masu tsada, maganaɗisun da ake ɗura wa dabba ta baki ya fi araha nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da hannunmu ke jawowa. Ruwan kalsiyam ko LA da aka tura a jijiya da gaggawa na iya kayar da dabba nan take. Maraƙin da ya mutu farat ɗaya lokacin ɓarkewar ciwon baki da kofato, naman zuciyarsa ne cutar ta ci. Ganyen gwaska ma zuciya yake tsayarwa.

Masu aiki a kasuwar aladu ta Katsit ranar Alhamis, da wuraren da ake yanka su, ku tsaga zuciya da harshe ku nemi fararen ƙwayoyin tsutsar nan masu ruwa. In an bar su suka wuce, cikin mutum za su ƙare, kuma idan ƙwan tsutsar ya shiga jikin wani yakan kai ƙwaƙwalwa ya haddasa farfaɗiya.

Babban roƙona shi ne ku riƙa buɗe mushe, ku duba zuciya kafin komai. Banda wanda ya mutu kwatsam jini na fita ta hanci ko dubura: wannan a ɗauke shi ciwon saifa ne, kada wuƙa ta taɓa shi. Ba mu manta da ciwon saifar da ya ɓulla a Suleja a Yulin 2023 ba. Sauran kuwa, ku rubuta rana da wuri da irin dabbar da yawan ruwan da kuka tarar. In kuna zargin kabowa, ku shafa ɗan naman ƙwaƙwalwa a gilashi, ya bushe, ku aika. Cibiyar binciken Vom tana nan tun 1924, kuma daga Kagoro ta Manchok da Ganawuri ba wata tafiya ba ce. Masu bincike a can da Zariya ba za su san abin da ke kashe tumakin Zonkwa ko Kwoi ba sai in mu muka kai musu.

Allah ya yi mana jagora.

Naku,
wani tsohon abokin aikinku a Kafanchan