Wasiƙa ga Masu Noma da Takin Gargajiya: Batun Jiƙon Taki



Tun da bidiyon jiƙon taki ya fara yawo a wayoyi, matasa ke tambayata ko gona ba za ta rayu ba sai da shi. Wato a ƙulle ruɓaɓɓen taki a buhu, a tsoma a duron ruwa, a hura masa iska da inji kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a tace a fesa. Masaniyar ƙasa 'yar Amurka, Elaine Ingham, tana cikin waɗanda suka fi yayata shi, a kan cewa yana ƙara wa ƙasa ƙananan halittu masu amfani.

Don Allah kada ku ɗauke shi farilla. Ƙaramin cokali ɗaya na lafiyayyar ƙasa kan ɗauki bakteriya har biliyan guda. Abin da ke hallaka su yunwa ce da zafin rana. Gonar da aka kwashe harawarta, aka ƙone karanta, bazara ta gasa ta, ko duro goma ka fesa mata, baƙin da ka kawo ba su da abin ci.

Ku ɗaga tarin karan da damina ta wuce a kansa a gefen gona. Ƙasar da ke ƙarƙashi baƙa ce, da sanyinta, tana warwashewa a hannu, ga farin zare-zare na funfuna, ga ƙamshin ruwan fari. Wa ya fesa mata wani abu? Haka tassa take a yankin Tawa: a haƙa rami, a zuba taki cikin hannu, gara ta zo ta huhhuda, ruwa ya sami hanyar shiga. Haka gawo, da ke zubar da ganye da damina, yake ciyar da geron gindinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zuba sukari ko maɗi a duron. In takin bai gama ruɓewa ba, ƙwayoyin gudawa irin su salmonela ma da zaƙin suke hayayyafa. A Amurka, dokar noma da takin gargajiya ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin amfanin da ke taɓa ƙasa. Mu kuma latas da kabejinmu ɗanye ake cin su, har da yara.

Wanda ke da buhun taki ɗaya, ya zuba shi a ƙasa ya lulluɓe da kara. In kuma sai ya jiƙa, to takin ya zama ruɓaɓɓe sarai, babu sukari, a zuba a gindin dashen tumatir, kada ya taɓa ganye.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Ɗan'uwanku a noma.