Kiwon Cuta A Kwalba

A shekarar 2011 aka ba da sanarwa duniya ta rabu da bushiya, cutar da ta kusa ƙarar da shanun Afirka wajen 1890. A watan Agusta na 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka. Ya kamata malamai da akawuna su san mafarin wannan nasara, gama su jama'a ke tambaya.

Waɗannan cututtuka biyu bairus ke kawo su, watau wata ƙwaya wadda ba ta hayayyafa sai cikin jiki mai rai. Saboda haka a da sai a jikin birai ko awaki ake kiwonta. A 1949 wasu masana uku a Boston ta Amurka, Enders da Weller da Robbins, suka raya ƙwayoyin tsokar ɗan Adam a kwalba cikin ruwan abinci, suka zuba musu ƙwayar shan inna, ta kuwa yaɗu. Daga nan hanya ta buɗe, har Salk ya fito da allurar rigakafi a 1955.

A Kenya kuma Walter Plowright ya yi ta juya ƙwayar bushiya daga kwalba zuwa kwalba cikin ƙwayoyin ƙodar maraƙi, har ta yi sanyi, ta daina kisa, amma tana koya wa jikin saniya tsaron kai. Allurarsa ta yi babban aiki a gangamin da aka soma a 1962 a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi.

To, ga abin lura. Da aka ga bushiya ta lafa, sai aka yi sake da yi wa maruƙa allura. Ta komo a 1983, ta yi wa makiyayanmu ɓarna mai yawa. Haka kuma da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano a 2003, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Yau asalin ƙwayar tana nan a Fakistan da Afganistan, ga kuma wani irinta da kan ɓulla inda yara da yawa ba su sami ɗigo ba. In yaro ya shanye farat ɗaya, akan aika da bayan gidansa Ibadan ko Maiduguri, a zuba a kwalba, a ga ko ƙwayoyin za su lalace. Aikin nan yana bukatar wuta, da kuɗi, da horarrun ma'aikata, ko da babu annoba, gama ba a fafe gora ran tafiya.

Namu aikin kuwa shi ne mu kai rahoton yaron da ya shanye tun da wuri, mu kuma fahintar da iyaye. Allah ya kiyashe mu.