Ɗan damfara na jin Hausa, banki kuwa sai Turanci

A watan Afrilun 2025 ne CBEX ta rufe ƙofa da kuɗin jama'a, kamar yadda MMM ta yi a watan Disambar 2016 bayan ta yi alkawarin ƙarin kashi 30 cikin 100 a wata guda. Duk lokacin da irin haka ta faru, hukuncin da mu 'yan boko muke yankewa ɗaya ne, wato kwaɗayi. Ban musa ba, kwaɗayi mabuɗin wahala ne. To amma akwai tambayar da muke tsallakewa: da wane harshe ake koya wa Bahaushe sha'anin kuɗi, kuma wa ke koyarwar?

Mai karatu ya duba wayarsa. Yaron da ke tallar harkar kirifto ko “mainin” a TikTok da Facebook da WhatsApp, da Hausa tsantsa yake magana, har da rantsuwa da addu'ar fatan alheri, yana nuna mota da damin kuɗi. Banki kuwa, saƙon gargaɗinsa da takardar sharuɗɗansa galibi da Turanci suke zuwa, irin na lauyoyi wanda ko mai digiri sai ya maimaita karantawa. Ashe ke nan mai son karɓe kuɗin ya fi mai tsaron kuɗin iya magana da mai kuɗin.

A matsayina na ɗalibin harshe, wani abu ya daɗe yana damuna. Kalmar “riba” ta ciniki da “riba” wadda addini ya haramta, a rubutun boko kamanninsu ɗaya, karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su a baki. A wannan rata ɗan damfara ke fakewa. Sai ya kira abinsa “ribar kasuwanci” ko “taimakon juna”, kamar yadda MMM ta kira kanta, mutumin da ke gudun kuɗin ruwan banki saboda tsoron Allah ya miƙa dukiyarsa hankali kwance. Da zarar an kamanta abin da adashi kuwa, magana ta ƙare, domin kowa ya ga uwarsa na zubi tana kwasa. Ba a gaya masa cewa a adashi abin da ka zuba shi za ka kwasa, kuma ka san uwar adashin da gidanta.

Laifin kafafen watsa labaranmu a nan babba ne. Rediyo na kwashe sa'o'i kan sojojin baka na siyasa, labarin kuɗi kuma ba ya wuce farashin dala da na buhun masara. Masu sauraro nawa aka taɓa yi wa bayanin cewa tun 2024 hukumar NDIC ta ɗaga lamunin ajiyar bankunan kasuwanci zuwa Naira miliyan 5, kuma lamunin bai shafi kuɗin da aka tura wa manhajar zuba jari irin CBEX ba? Ko cewa dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu shirya irin wannan damfara?

Shawarata ita ce Babban Banki da hukumar SEC su zauna da sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu a daidaita kalmomin kuɗi, sannan a miƙa su ga gidajen rediyo da matasan da ake saurara a waya. Gidajen rediyon kuma su daina karɓar tallar kowane kamfanin zuba jari sai sun ga rajistarsa ta SEC.