Daina Saka Wa Kowace Na'urar Gona Layinta

Satin da ya wuce wani mai noman rani ya kawo min na'urori shida, irin masu auna damshin ƙasa da ruwan tanki, wai sun lalace. Na buɗe su, lafiyarsu ƙalau. Data ce kawai ta ƙare. Kowace da layinta, duk wata sai ya saya musu data kashi shida. Ga shi tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 abin ya ƙara nauyi.

Ni dai a ganina asara ce. Yi lissafi da kanka. A ce saƙon na'urar bayit 20 ne, tana turawa duk bayan minti 30. Sau 48 kenan a rana, a wata bai kai 30KB ba. Wallahi hoto ɗaya da ka tura a WhatsApp ya fi shi nauyi. To me ya kai ka sayen 1GB da zai ƙone ba a taɓa shi ba?

Akwai fasahar da ake kira LoRa. Rediyo ce mai cin dogon zango, a fili tana iya kai kilomita 10, kuma na'urar ba ta buƙatar layi kwata-kwata. Duk na'urorinka za su riƙa aika saƙo zuwa akwati ɗaya da ake kira getwe, wanda za ka ɗaura a saman tanki ko dogon ƙarfe. Shi kaɗai za ka saka wa layi. Batir ma yakan yi shekaru, don na'urar barci take yi, sai lokacin turawa ta farka. Idan ka saita ta sai an samu canji za ta yi magana, ka ƙara samun sauƙi.

Amma fa kar wani ya ruɗe ka. LoRa ba ta ɗaukar hoto ko bidiyo, mai son kyamara ya manta da ita. Getwe kuma da tsada a farko. Idan na'urarka ɗaya ce tak, ci gaba da layinka. Idan kuna da yawa a fadama ɗaya, ku yi karo-karo ku sayi guda.

Kafin ka biya kuɗi, duba lambar da ke jikin kwali. Na Turai 868 ne, na Amurka 915. Idan na'urar da getwe ba lamba ɗaya ba ne, ba za su ji juna ba, kuma wannan ko ka kawo min shago ba gyaran da zan iya yi maka.