Na'ura ta yi wa tsoho tatsuniya, amma kada ta taɓa tarihinsa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, kuma masu jinya ba su wadata ba ko a ƙasashe masu arziki. Japan, inda kusan kashi 29 cikin ɗari na jama'a sun kai shekara 65, ta daɗe da shigar da mutum-mutumi gidajen kula da tsofaffi; PARO, wanda Takanori Shibata ya ƙera, ya yi suna a can. Yanzu ana so na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta zauna da tsoho su yi labari. Ina goyon baya, amma wane irin labari?

A 1998 Anne Basting ta fara shirin TimeSlips a Amurka. Ana nuna wa masu gigin tsufa hoto, su ƙago labari a kansa, ba wanda zai ce musu "kun tuna?" balle su ji kunyar kasawa. Duk amsar da ta fito daidai ce. Nan ne na'ura take da amfani, don ba ta gajiya, ba ta tsaki idan an maimaita magana sau goma. Amma manhajojin irin wannan na'ura sun iya shara ƙarya ba ko gezau. A tambaye su rayuwar dattijo, sai su cike giɓi da ƙanen da bai taɓa yi ba, ko garin da bai taɓa zama ba. Mai lafiya zai ce ba haka aka yi ba. Wanda tunaninsa ke zubewa sai ya karɓa. Tarihin mutum aikin 'ya'ya da jikoki ne.

Wasu na cewa abin duka yaudara ce. Ban yarda ba: tatsuniya ba ta cutar da kowa muddin na'urar ba ta yi shigar mijin da ya rasu ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne gidajen jinya za su rage ma'aikata su bar tsoho da allo. Za su yi, idan ba a hana su ba, shi ya sa ya kamata doka ta wajabta zaman ma'aikaci a kowace irin wannan hira. Ga kuma harshe: mai wannan cuta yakan koma yaren da ya tashi da shi, kuma na'urar da ke tuntuɓe da Hausar rediyo ba za ta gane Sakkwatancin tsohuwa marar haƙora ba.